Rigar Malam a Kan Danga

Idan riga ta fito a fim amma mai ita ba ya cikinta, za a ce ta fito ko ba ta fito ba? Tun da na dawo daga Yamai nake juya wannan tambaya. Na tambayi liman, na tambayi Dije da muka je tare, babu wanda ya ba ni amsar da zan iya kai wa marigayi mijina Malam ranar da Allah ya haɗa mu.

Mata suna ta shigowa yi min barka da dawowa, kowace da tambayarta: yaya ƙasar Nijar, me kuka ci, da gaske kin ga Malam yana motsi? Duk wadda na fara ba labarin sai kuka ya tare ni a tsakiya, ta tafi da rabi. Shi ya sa na ce wa Hadiza, matar ɗana Sale, ta ɗauko biro. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Ina faɗa tana rubutawa, in na tsaya kuka ta jira ni.

Sunana Hassu. Yanzu a Mairuwa nake zaune wajen Sale, amma garinmu wani ƙauye ne a bayan Yargoje, can na yi aure, can na haifi 'ya'yana. Shekarun baya, lokacin da ɓarayin shanu suka fara amma hanya tana biyuwa, mai gari ya aiko cewa masu yin fim za su zo, har da Turawa, kuma gidanmu suka zaɓa. Mu abin da muka sani, baƙo in zai zo ana gyara masa gida. Na share tsakar gida har bayan rumbuna, na yi wa bango yaɓe, na aro tabarmi sababbi, aka yanka kaji. Malam ya ciro rigarsa ta Juma'a, shuɗiyar shadda mai aikin aska biyu, wadda ya ɗinka shekarar da auduga ta yi masa kyau. Ya sa turare, ya zauna a zaure yana jira.

Da suka iso, shugabansu wani Bature ne mai gemu, ga wata Baturiya doguwa, ga tafintarsu Rabi, 'yar Katsina. Baturen ya dubi gidan, ya dafe kai. Rabi ta sunkuya kusa da Malam ta ce, "Baba, wai gidan ya yi kyau da yawa. Fim ɗin na wahala ne. Ko kana da kayan gona?"

Malam ya ce, "Ɗiyata, da kayan gona ake tarbar baƙo a garinku?"

Aka yi ta lallashi. A ƙarshe ya ce zai sa tsumman, amma sai an fara ɗaukarsa da rigarsa ya gai da mutanen duniya. Suka yarda. Ya tsaya gaban rumbun da ke cike da dawa, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, ya lissafa abin da yake nomawa, ya yi addu'ar damina da zaman lafiya. Suka tafa masa. Sannan ya tuɓe rigar ya miƙo min, na rataye ta a kan danga don kada ta yi ƙura, shi kuma ya sa yagaggiyar taguwar da yake shiga gona da ita. Suka naɗe tabarmin da na aro, suka watsa kara a inda na share. Da aka tara mutanen gari, duk mai haske ko mai jiki sai a ce ya koma baya, baƙaƙe ramammu a gaba. Hadizar nan da ke rubutu, amarya ce lokacin, fara sol, aka ce ta shiga ɗaki. A ranar dariya muka yi ta yi mata.

Suka tafi, shiru. Rikici ya yi tsanani, muka baro ƙauye da abin da kai ya iya ɗauka, rigar tana cikin ƙullin Malam. A Mairuwa duk wanda ya gani da babbar waya sai ya tambaye shi ko fim ɗin ya fito. Gonarsa ta tafi, rumbunsa ya tafi, amma yana cewa akwai inda yake tsaye har yanzu gaban dawarsa da rigarsa, duniya za ta gani. Ciwo ya kwantar da shi bayan kaka, bai tashi ba. Kafin ya cika ya bar min sallahu guda, kuma sallahun ne ya fitar da ni daga ɗaki, ni da ban taɓa wuce Funtuwa ba.

Bara Rabi ta neme mu har Mairuwa. Ta ce fim ya kammala, za a nuna shi a Yamai, ana son wasu daga cikin mutanen ƙauyen su je. Sale ya ce tsohuwa ba za ta iya ba. Na ce masa, "Ubanka ya aike ni." Ya haƙura. Na ce a kira min Dije, matar Jauro Buba, Bafulatanin da ya yi mana kiwon shanu tun kafin a haifi Sale. Shi ma sun ɗauke shi a fim ɗin yana koro garke. Shanunsa aka fara kwashewa a yankinmu, yanzu suna Sabuwa a gidan aro, idonsa ya yi rauni, ba ya tafiya. Rabi ta yi mana takardun ƙetare iyaka, aka ɗauke mu hoto ba dariya.

Ranar tafiya Dije ta iso da ƙullin kaya da kwalbar man shanu, wai tsarabar Turawa. Na ce, "Dije, mutanen da suka zo da jirgi za ki kai wa man shanu?"

Ta ce, "Aradu ba su da irinsa. Ke me kika ɗauko, dawa?"

Na ce, "Ƙuli-ƙuli."

Ta ce, "Kaɗo dai Kaɗo ne. Zai karya wa Bature haƙori a ɗaure mu."

Muka kama hanya da safe. A Sheme direba ya tsaya sayen rake, muka karya kwana zuwa Ƙanƙara. Da muka zo daidai Yargoje, na ga bakin hanyar garinmu ciyawa ta rufe ta, ko sawun jaki babu. Na ce wa direba ya rage gudu, ya ce nan ba wurin rage gudu ba ne. Dije ta kama hannuna har Ƙanƙara.

Shingayen sojoji da 'yan sanda ba su ƙirguwa. A kowane ɗaya, in aka leƙo motar, ni sai a ce "sannu Inna," Dije kuma a dubi kitsonta da zanen fuskarta a ce, "Ke daga wace ruga?" A wani shinge kafin Dutsin-ma har ƙullinta suka sa ta kwance. Da muka wuce ta ce, "Kin gani, Hassu, tsohuwa da carbi, amma bindiga suke nema a cikin zanena." Ta faɗa tana dariya, sai dai ba ta sha raken da ke hannunta ba.

Muka kwana a Katsina gidan iyayen Rabi, mahaifiyarta ta yi mana tuwon shinkafa, Allah ya saka mata. Washegari muka bi ta Jibiya zuwa iyaka. Ni na ɗauka iyakar ƙasa katanga ce ko kogi. Ashe igiya ce da ganga, da mutane masu kaki iri biyu. Na wancan ɓangaren jandarma ake ce musu. Ɗaya ya buɗe jakar Rabi, ya sa hannu, ya fito da shi yana naso. Kwalbar Dije ce, da ta cusa a jakar ba ta faɗa ba, zafi ya narkar da man, murfin ya saki, ya jiƙa wa Rabi kayan da ta ɗinka don taron. Jandarman ya sansana yatsunsa ya ce da Hausa tsantsa, "Wannan na gaske ne. Hajiya, sauran fa?" Dije ta ba shi kwalbar da ɗan abin da ya rage, ya buga mana hatimi yana murmushi. Rabi ta yi ta fushi da mu har Maraɗi.

Maraɗi kamar gida take, Hausa ce ko'ina, sai dai in sun zo ƙirge sai su koma Faransanci. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ga tauri, sai da na jiƙa shi a shayi. Daga nan tafiya ta miƙe, Konni, Doso, har ƙafafuna suka kumbura. A hanya muka ci dambu da zogale a wajen wata mata da ta ce kakarta Bakatsiniya ce, ta ƙara mana ba mu roƙa ba. Kusa da Yamai Hausa ta fara ƙaranci, Zabarmanci ya karɓa, na zama kurma a cikin mutane.

Masaukin da aka kai mu otal ne mai hawa da yawa. Aka sa mu a wani ɗan ɗaki mai ƙofar ƙarfe, ya tashi sama da mu, Dije ta durƙusa tana salati. Ɗakin kwananmu sanyi kamar cikin randa, mun rasa inda ake kashe shi, muka yi ta rawar ɗari da rana tsaka. Banɗakin fari tas, har na ji kunyar shiga da takalmi, amma babu buta. Dije ta ɗauki wata tukunyar dafa shayi mai igiyar lantarki ta ce ita ce butarsu, da ita muka yi alwala har muka baro. Gadon kuwa ya yi laushi da yawa, muka sauko da bargo ƙasa. Abincin gidan, da fari aka kawo ɗanyen ganye a faranti. Dije ta ce wa yaron, "Mu ne baƙin, akuyar tana gida."

Ranar nuna fim na yi wanka, na ɗaura atamfata da Malam ya saya min babbar sallar ƙarshe da muka yi a ƙauye, na yafa farin mayafi. Dije ta sa 'yan kunnenta na azurfa. Rabi ta shigo, ta dube mu, ta yi ta murza yatsu.

"Inna, wai da kun sa kayan da kuka taho da su. Za a yi hotuna, ana son a gan ku yadda kuke."

Dije ta ce, "Yanzu yaya muke? Aro muka yi?"

Na ce, "Rabi, an yi wa Malam, ba za a yi min ba." Ta sunkuyar da kai ta ce in yi haƙuri, ita ma aiko ta aka yi.

Bayan la'asar aka kai mu wani babban zaure mai kujeru jere. Turawa da yawa, da manyan mutane namu baƙaƙe, mazan da manyan riguna, matan da leshi da gwal, ƙamshi kamar kasuwar turare. Aka zaunar da mu a gaba. Aka kashe fitila, bango ya haskaka, sai ga ƙofar gidana, girmanta ya fi na gaske.

Labarin na Baturiyar nan ne. Wai likita ce ta baro ƙasarsu ta zo ceton wani gari da yunwa da 'yan bindiga suka addaba. Rabi tana raɗa mana fassara. Baturiyar tana da suna, tana da uwa da ke kiranta a waya, tana da saurayin da suka yi faɗa, an nuna ta tana cin abinci, tana wanke fuska, tana rasa barci. Akwai matar shugaban ƙaramar hukuma, wata farar mace da suka zo da ita daga birni, ita ma tana da suna da falo. Mu kuwa muna tsaye a layi. Duk wanda ya yi fari a fim ɗin shi ke bayarwa, duk wanda ya yi baƙi shi ke miƙa hannu. Na ga maƙwabciyata Tabawa, wadda ta aurar da 'ya'ya da kuɗin ƙosai, an nuno ta tana kallon ƙasa, ƙuda a bakinta. Na tuna ranar, azumin nafila take yi.

Sai ga Malam. Na miƙe tsaye ban sani ba, Dije ta jawo ni. Yana zaune a bakin tsohon rumbun da muka daina zuba hatsi saboda gara, cikin yagaggiyar taguwa, Baturiyar tana ɗora masa hannu a kafaɗa. Na san abin da ya faɗa a wurin, ina tsaye a bayan mai kyamara. An tambaye shi yaya damina, ya ce, "Bana ruwa ya yi gardama, amma alhamdu lillahi, na bara bai ƙare ba." A bangon nan "ruwa ya yi gardama" kawai ya fito, aka yanke sauran. Na ji wata mata a bayana tana jan hanci. Na ce a raina, bari dai, gaisuwar tana gaba.

Aka nuno Jauro Buba da malfarsa, sanda a kafaɗa, yana tafe bayan garke. Dije ta dafa ni tana murna: "Ga Bajimi can, ga farar saniyarku." Sai kiɗan ya canja ya koma mai ban tsoro, aka matso da fuskar Jauro har ta cika bangon, daga nan sai wuta tana cin bukka, mata suna gudu. Bukkar nan ta kara ce, su suka gina ta suka cinna mata wuta da hannunsu. Ranar da suka ɗauki Jauro sun ce masa kada ya yi dariya, ya yi ta fama, don mutum ne mai fara'a. Dije ta saki hannuna. Can ta ce a hankali, "Kada Allah ya sa a kalli wannan a Sabuwa."

Kusa da ƙarshe Baturiyar ta zauna a tsakar gidana tana kuka a waya. A bayanta, can gefe, wani abu shuɗi yana motsi a kan danga. Rigar ce. Iska tana ɗaga hannunta tana sakewa, aikin askar ma ba ya ganuwa sosai, don idon kyamarar yana kan mai kukan. Ban ji abin da Rabi ke fassarawa ba. Rigar nake kallo har aka ɗauke ta. Sai rubutu ya fara hawa, aka kunna fitila, mutane suka miƙe suna tafi. Gaisuwar Malam ba ta zo ba.

Aka kira mu gaban jama'a. Baturen mai gemu ya rungume hannuna da hannu biyu, idonsa da hawaye, ya ce ya ji rasuwar tsohon, mutumin kirki ne. Aka miƙo min abin magana, aka ce in faɗi yadda na ji. Maganar tana nan a bakina: mijina bai taɓa kwana da yunwa a gidansa ba, wancan rumbun gara ce ta cinye shi, na kusa da shi cike yake, kuma mai malfar nan amininsa ne. Amma na dubi mutanen, sun ɗauko ni, sun ba ni ɗaki, na ci abincinsu kwana da kwanaki. A garinmu ba a kunyata mai masauki a gaban baƙinsa. Na ce, "Mun gode, Allah ya saka da alheri." Rabi ta juya musu, suka sake tafi. Wata Hajiya mai gwal har wuya ta taso ta rungume ni ta ce, "Sannu Inna, ashe haka kuke rayuwa." Ta shafa atamfata ta tambayi Rabi ko su suka saya min.

A waje, inda ake raba lemo, na ja Rabi na ce ta kai ni wajen Baturen. Na ce ta tambaye shi ina wurin da Malam ya yi gaisuwa da rigarsa. Ya yi tunani, sannan fuskarsa ta washe, ya ce ya tuna, wuri ne mai kyau ƙwarai. Ya ce bai shiga labarin ba, don in mutanen ƙasarsu suka ga dattijo da irin wannan riga gaban rumbu cike, ba za su yarda yana bukatar taimako ba.

Dije ta ce, "Gaya masa, ai bai ce yana bukata ba. Su suka zo."

Ban san ko Rabi ta faɗa masa daidai ba. Na roƙe shi ko zai ba ni wannan guntun, ko a waya ne, in nuna wa jikoki. Ya ce abin da aka yanke yana can ƙasarsu, zai sa a duba, in ba a goge ba. Ya karɓi ƙuli-ƙulina ya yi godiya sosai. Har yau da Hadiza ke rubuta wannan, ba a aiko ba. Rabi takan kira ta gaishe ni, in na tambaya sai ta ce ana dubawa.

Dawowa ba mu yi hira ba kamar zuwa. Jandarman man shanu ya gane mu ya tambayi ko akwai ƙari, Dije ta kau da kai. Da za mu rabu a Mairuwa na ce mata me za ta gaya wa Jauro. Ta ce, "Zan ce shanun sun yi kyau. Ai sun yi." Ita tana da wanda za ta gaya wa rabin gaskiya ya yi murna.

Abin da ya fi cina shi ne, kafin in je, in na rufe ido Malam nake gani da shuɗiyar riga yana fita masallaci. Yanzu in na rufe, wancan na bangon ke zuwa, babba, cikin tsumma, hannun baƙuwa a kafaɗarsa. Sai na buɗe akwatin Sale na ciro rigar na sansana kafin nawa ya dawo. Da na sani, da na tafi da ita Yamai na ɗaga musu ita ba sai na yi magana ba. Da na sani kuma, wataƙila da ban je ba sam. Amma aike ne, kuma wanda ya aike ni ba ya nan balle in ce ya yafe min.

Ranar da Malam zai cika, da hantsi ne, ina ba shi kunu a cokali. Ya kau da kai, ya ce in matso. Na ɗauka wasiyyar gona zai yi ko ta yara. Ya kama bakin zanena, muryarsa ta yi ƙasa, ya ce:

"Hassu, ni ba zan gani ba. In an nuna, ki je ki gano min. Ki duba ko rigar nan ta fito da kyau."